Hangen dala ba shiga aljihu ba: kwatabak mai gudu da harajin Amurka

Kun san yadda abin yake. Ka buɗe X ko Facebook da safe, sai ga hoton wani matashin ɗan wasa yana murmushi, biro a hannu, a ƙasa an rubuta dala miliyan 260. Kafin ka gama karantawa wani ya riga ya buga lissafi da farashin dala na ranar, ya fitar da biliyoyin naira, ya ce da shi ne da ya saye unguwarsu har da ta maƙwabta. Wani ya ce mu dai an bar mu a tasha. A yi dariya, a wuce hoto na gaba.

Wancan adadin na Lamar Jackson ne, ɗan wasan Baltimore Ravens a gasar NFL ta ƙwallon Amurka. A watan Afrilun 2023 ya amince da kwantiragin shekara biyar, kuma adadin gaskiya ne. Sai dai kusan rabin kuɗin ba zai taɓa ganin alat ɗinsa ba. Kuma irin wasan da ya kawo masa kuɗin, wato gudu da ƙwallo, shi ne ya kusa hana shi samun aikin tun farko, shi ne kuma ya yi ajalin sana'ar wasu da suka zo da irin baiwarsa. Yau bari mu zauna mu warware lissafin a tsanake.

Wane ne kwatabak?

Ga wanda bai saba kallon wasan ba: ƙwallon Amurka daban take da wadda muke bugawa a layi. Ƙwallon doguwa ce kamar ƙwai, da hannu ake ɗaukarta, ana jefawa, ana cafewa, ana kayar da juna. Mutum 11 ne kowane ɓangare. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10, in sun ci a sabunta musu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Yadi ɗaya bai kai mita ɗaya ba da kaɗan.

Kwatabak shi ne direban motar. Kusan duk hari ta hannunsa yake farawa. Shi ke karanta tsarin masu tsaron baya, ya yanke shawara cikin daƙiƙa biyu zuwa uku: ko ya jefa wa mai cafewa, ko ya miƙa wa mai gudu, ko shi da kansa ya zuba a guje. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, kujera 32 ke nan kacal ta babban kwatabak a duk duniya. Shi ya sa su ne suka fi kowa albashi.

Shekaru da dama, kwatabak ɗin da masu ƙungiya suke so shi ne dogon mutum mai tsayawa wuri ɗaya a bayan katangar abokan wasansa, ya duba, ya jefa. Irin su Tom Brady da Peyton Manning. Wanda ke gudu da ƙwallo kuwa, ana masa kallon mai neman mafaka, wai don ba zai iya karanta wasa ba ne yake arcewa.

"Ka koma mai cafewa kawai"

Wannan kallon yana da tarihi, kuma launin fata na ciki. A 1968 Marlin Briscoe ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe kujerar babban kwatabak a zamanin wasan na yanzu, a Denver. Ya yi rawar gani, amma bayan kaka ɗaya aka ture shi, ya ƙarasa sana'arsa a matsayin mai cafe ƙwallo. A 1978 babu ƙungiyar NFL da ta ɗauki Warren Moon. Sai da ya tafi Kanada ya ci kofi sau biyar a jere da Edmonton, sannan aka buɗe masa ƙofa a gida.

Shekara 40 bayan haka, labarin bai mutu ba. Lamar ya ci kyautar Heisman a 2016, wato gwarzon 'yan wasan jami'o'i, yana Jami'ar Louisville. Amma da lokacin zaɓen sababbin 'yan wasa ya zo a 2018, Bill Polian, tsohon shugaban ƙungiya da ake jin maganarsa, ya fito a talabijin ya ce ya kamata yaron ya koma mai cafewa. Lamar ya ƙi. A taron gwajin 'yan wasa ma ƙin yin tseren yadi 40 ya yi, don kada a sami hujjar canza masa gurbi. Aka ɗauki kwatabak huɗu kafin shi. Shi ne na 32, na ƙarshe a zagayen farko.

A kakar 2019 ya ci yadi 1,206 da ƙafarsa, ya karya tarihin Michael Vick na yadi 1,039 da ya kafa a 2006. A kakar dai shi ne ya fi kowa jefa ƙwallon da aka ci maki da ita, guda 36. Aka ba shi gwarzon shekara ba tare da ko mutum ɗaya cikin masu zaɓe ya saɓa ba. Ya sake cin kyautar a kakar 2023.

Me ya sa yanzu ake rububinsu?

Lissafi ne mai sauƙi. In kwatabak ya miƙa ƙwallo ga mai gudu ya koma gefe yana kallo, masu kai hari sun zama 10, masu tsaro 11. In kuwa shi ma barazana ne, dole a ware mutum guda ya zuba masa ido. Wannan mutum ɗayan da aka cire daga tsaro shi ne giɓin da hari ke shiga. Ga kuma ranar da tsari ya lalace, katanga ta ɓalle: mai tsayawa wuri ɗaya sai dai a kayar da shi, mai ƙafa kuwa ya zille ya ciwo yadi 15.

Sakamako ya nuna. A Fabrairun 2023, karon farko a tarihi, kwatabak biyu baƙar fata suka fuskanci juna a wasan ƙarshe na Super Bowl: Patrick Mahomes da Jalen Hurts. Josh Allen na Buffalo Bills, ƙaton da ke ture mutane kamar bijimi, shi ne gwarzon kakar 2024. Hurts, wanda sai a zagaye na biyu aka ɗauke shi a 2020, a lamba ta 53, ya kai Philadelphia Eagles ga kofi a Fabrairun 2025, suka doke Kansas City Chiefs 40 da 22, aka ba shi gwarzon wasan. Jayden Daniels na Washington Commanders ya ci yadi 891 da ƙafa a kakarsa ta farko a 2024, abin da babu sabon kwatabak da ya taɓa yi.

Don haka in tambayar ita ce ko kwatabak mai gudu yana da makoma a NFL, an wuce wurin. Yanzu wanda ba ya iya motsi shi ake yi wa tambayoyi.

Waɗanda gudu bai fisshe su ba

Amma fa ba a nan gizo ke saƙa ba. Duk sunayen da na lissafa a sama, gudu ƙari ne a kan hannunsu. A kakar 2024 Lamar ya jefa ƙwallo 41 da aka ci maki da su, sau huɗu kawai abokan hamayya suka cafe masa. Wanda ya zo da ƙafa kaɗai, kasuwa ba ta daɗe da shi.

Dubi Justin Fields. A 2022 ya ci yadi 1,143 da gudu a Chicago Bears, bidiyonsa ya cika intanet. A Maris ɗin 2024 ƙungiyar ta sallama shi ga Pittsburgh a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ta ɗauko sabon yaro. Dubi Trey Lance. San Francisco 49ers sun sadaukar da manyan damarmakinsu na zaɓe don su ɗauke shi a lamba ta uku a 2021. Ya karya idon sawu yana gudu da ƙwallo a Satumban 2022. Wasa huɗu kacal ya fara musu, sannan suka tura shi Dallas. Wanda ya gaje kujerar shi ne Brock Purdy, ɗan wasan da aka ɗauka na ƙarshe cikin mutum 262 a 2022. Anthony Richardson, na huɗu a 2023, wasa huɗu ya buga a kakar farko kafaɗa ta tsayar da shi, kuma a 2025 Indianapolis Colts suka ba wani kujerarsa. Tim Tebow ya girgiza wasan jami'o'i, amma jifarsa ba ta gamsar da NFL ba, bai daɗe ba ya fita.

Sai maganar rauni. A nan ya kamata a yi adalci: masu tsayawa wuri ɗaya ma suna jin ciwo. Aaron Rodgers ya tsinke jijiyar agara a hari na huɗu na wasansa na farko da New York Jets a 2023, ba gudu yake yi ba. Joe Burrow ya sha tiyata a gwiwa da wuyan hannu. Bambancin yana wuri biyu. Na farko, dokokin wasan suna kare kwatabak sosai lokacin da yake shirin jifa, amma da zarar ya zuba a guje ya zama mai gudu kamar kowa, sai in ya zame ƙasa da ƙafafu a gaba ko ya fita layi. Na biyu, ƙafa ta fi hannu saurin tsufa. Brady ya yi wasa har yana shekara 45. Cam Newton, gwarzon 2015, wanda ya riƙa kutsawa cikin ƙattai da ƙirjinsa, wasansa na ƙarshe yana da shekara 32 ya buga, bayan kafaɗa da tafin ƙafa sun sha wahala.

Labarin da har yau ake tsoratar da masu ƙungiya da shi, na Robert Griffin III ne. Na biyu a zaɓen 2012, gwarzon sababbin 'yan wasan hari na shekarar, yadi 815 da ƙafa. A Janairun 2013 aka bar shi ya ci gaba da wasa da gwiwa mai ciwo a karawa da Seattle, gwiwar ta tafi gaba ɗaya. Bai sake komawa yadda yake ba. Babban kwantiragin da kowa ya ɗauka yana jiransa, bai taɓa zuwa ba.

Kuɗin gaske sai a kwantiragi na biyu

Nan ne maganar gwiwa ta haɗu da maganar aljihu. Kafin 2011, sabon ɗan wasa na iya kwasar dukiya tun bai taka fili ba. Sam Bradford, na farko a 2010, ya samu dala miliyan 78 na shekara shida, aka lamunce masa miliyan 50. A 2011 masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa suka ƙulla sabuwar yarjejeniya da ta ƙayyade albashin sababbi bisa lambar da aka ɗauke su. Cam Newton, na farko a shekarar, kusan miliyan 22 ya samu na shekara huɗu. Shekara ɗaya ce tsakaninsu.

Tun daga nan, sabon da aka zaɓa shekara huɗu yake sa hannu, ba a yarda a sake tattauna kwantiraginsa ba sai ya gama kaka uku, kuma in a zagayen farko aka ɗauke shi, ƙungiya na da ikon ƙara masa shekara ta biyar. Kwantiragin Lamar na farko kusan dala miliyan 9.5 ne na shekara huɗu gaba ɗaya. Wato shekarar da ya zama gwarzon gasar baki ɗaya, albashinsa bai kai na wasu masu zaman benci ba. Purdy kuwa kusan miliyan 3.7 ne na shekara huɗu, abin da aka lamunce masa bai kai dala dubu 80 ba.

Ka ga inda matsalar take? Shekarun da ƙafar matashi ta fi kaifi, su ne shekarun da ƙungiya ke samunsa da araha. Koci yana so ya ci wasa yau don kada a kore shi, zai ce yaro ya gudu. Yaron kuma dole ya kai shekara ta huɗu ko ta biyar da gwiwa lafiya kafin ya ga babban kuɗi. Ribar gudun ta ƙungiya ce nan take, haɗarin kuma a jikin ɗan wasa yake.

Ko an kai kwantiragi na biyun, tsugune ba ta ƙare ba. A NFL yawancin kwantiragi ba a lamunce shi duka. In aka ce miliyan 260, tambayar farko ita ce nawa ne dole a biya ko da an sallami mutum. Na Lamar miliyan 185 ne aka sanar. Na Josh Allen da ya sa hannu a Maris ɗin 2025, miliyan 330 na shekara shida, an lamunce 250. Sauran kuɗin alkawari ne da zai iya tashi a banza in jiki ya gaza. Deshaun Watson ne ya samu miliyan 230 da aka lamunce duka a Cleveland a 2022, kuma tun daga nan babu mai ƙungiyar da ya maimaita irin wannan ga babban kwatabak a dogon kwantiragi.

Lamar da kansa ya ɗanɗana. Ya rasa wasannin ƙarshe na kakar 2021 da ta 2022 saboda rauni. A Maris ɗin 2023 Baltimore ta ba sauran ƙungiyoyi damar su taya shi. Gwarzon gasa, yana da shekara 26, amma babu ƙungiya ko ɗaya da ta kawo tayi a hukumance. Cam Newton kuwa, bayan Carolina ta sallame shi a 2020, sai da ya karɓi kwantiragin shekara ɗaya a New England da albashi na asali dala miliyan ɗaya da 'yan kai.

Sai kuma masu haraji

To, a ce komai ya tafi daidai, an biya kuɗin duka. Alƙaluman da ake sanarwa a Amurka kafin haraji ne. Bari mu ɗauki ɗan wasan da ke samun dala miliyan 52 a shekara, wato 260 a raba biyar, mu yi lissafin kan tebur.

Gwamnatin tarayya ce ke fara cira. Harajin Amurka mataki-mataki ne, mafi girma kashi 37 cikin 100, kuma yana hawa kan duk abin da ya haura dala dubu 600 da wani abu ga wanda ba shi da aure. Mafi ƙarancin albashin sabon ɗan wasa a NFL a 2025 dala dubu 840 ne, wato ko ƙaramin cikinsu ya taɓo matakin sama. Ga mai miliyan 52 kuwa, kusan duka kuɗinsa a matakin suke. Cire kusan miliyan 19.

Sai harajin Medicare, na inshorar lafiyar tsofaffi: kashi 1.45, da ƙarin 0.9 ga masu babban albashi, jimla 2.35. Cire kusan miliyan 1.2.

Sai jiha, wani wurin har da birni ko ƙaramar hukuma. A Maryland, inda Baltimore take, akwai na jiha, akwai na ƙaramar hukuma a kansa. A Filadelfiya birnin kansa yana da harajin albashi ban da na jihar. A ɗauka duka sun kama kashi 9. Cire kusan miliyan 4.7.

Abin da ya rage bai fi miliyan 27 ba. Ba a biya wakili ba tukuna. Dokar ƙungiyar 'yan wasa ta ce wakili ba zai karɓi sama da kashi 3 ba, amma kashi 3 na miliyan 260 dala miliyan 7.8 ne. Yanzu ka gane dalilin da ya sa Lamar ya ƙi ɗaukar wakili, ya yi cinikinsa da kansa da taimakon mahaifiyarsa, duk da surutun da aka yi ta yi masa. Kuma tun 2018, bayan gyaran dokar haraji ta tarayya, ɗan wasa ba ya iya cire kuɗin wakili daga albashin da za a yi wa haraji. Wato har kuɗin da ya miƙa wa wakili sai ya biya haraji a kansu.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Miliyan 27 a shekara ba abin tausayi ba ne, kuma harajin ne ke gina hanyoyi da makarantun da 'yan wasan suka fito. Maganar ita ce adadin da ke yawo a intanet da adadin da ke sauka a asusu, tazararsu ta kusa rabi.

Harajin baƙo

Akwai wani kuma da yawancin masu kallo ba su sani ba. A Amurka, jihar da ka je ka yi aiki tana da ikon karɓar haraji a kan abin da ka samu a cikinta, ko da kwana biyu ka yi. Ga ma'aikacin da ba a san shi ba, bin sawunsa da wuya. Ɗan wasa kuwa jadawalinsa na jarida, albashinsa na intanet. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne abin ya yi ƙarfi ne daga 1991, lokacin da Kalifoniya ta caji Michael Jordan da abokan wasansa na Chicago Bulls bayan sun ci kofin ƙwallon kwando a Los Angeles, jihar Illinois ita ma ta yi dokar ramuwa.

Ana lissafin ne da kwanakin aiki. Misali: a ce albashinka miliyan 50, kwanakin aikinka a shekara, da atisaye da wasa da tafiya, 200 ne. Kowace rana ta kama dala dubu 250. Ka je Kalifoniya kwana biyu, jihar za ta ce dala dubu 500 a ƙasarta ka same su. Harajinta mafi girma kashi 13.3 ne, ka ga dala 66,500 sun tafi a wasa ɗaya. Jihar da kake zaune galibi takan rage maka abin da ka biya a waje, amma ba ta wuce ma'aunin nata harajin. Kaka ɗaya wasa 17 ce, takwas ko tara a waje, don haka ɗan wasa na iya cike takardun haraji a jihohi da birane da yawa a shekara guda. Yanzu da ake kai wasanni Landan da Jamus da Birazil, hukumomin haraji na wasu ƙasashen ma sun shigo layi.

A Fabrairun 2016 aka buga Super Bowl a Santa Clara ta Kalifoniya. Kowane ɗan wasa a ƙungiyar da ta sha kaye dala dubu 51 aka ba shi. Cam Newton na cikinsu. Masu lissafin haraji sun ƙiyasta cewa abin da Kalifoniya za ta karɓa a hannunsa ya zarce wannan kuɗin, domin kwanakin da ya yi a jihar da babban albashinsa na shekara aka auna su. Ya rasa kofi, ya kuma yi ciko daga aljihu.

Wani lokacin abin har kotu yake kaiwa. Birnin Cleveland ya taɓa cajin Jeff Saturday na Indianapolis Colts haraji a kan wasan da bai ma je ba, yana gida yana jinyar rauni. A 2015 kotun ƙolin jihar Ohio ta ce ba a yi daidai ba.

Inda aka kai ka ma lissafi ne

Jihohi irin su Fulorida, Tekzas, Tennessee da Nevada ba sa karɓar haraji a kan albashi. Ƙungiyoyin Miami, Tampa Bay, Jacksonville, Dallas, Houston, Tennessee da Las Vegas a can suke. Gasar tana da rufin kuɗi guda ga kowace ƙungiya, dala miliyan 279.2 a 2025, ba ruwanta da harajin jiha. Don haka miliyan 50 a Miami ta fi miliyan 50 a Los Angeles nauyi da miliyoyi. A 2022 Tyreek Hill, shahararren mai cafe ƙwallo, ya faɗa da bakinsa cewa harajin jiha na cikin abin da ya sa ya zaɓi Miami ya bar New York Jets.

Shi Hill yana da zaɓi. Sabon ɗan wasa ba shi da shi. Ƙungiyar da ta kira sunanka ranar zaɓe, can za ka. Cam Ward, na farko a 2025, Tennessee ta ɗauke shi, jihar da ba ta taɓa albashi. Trey Lance kuwa Kalifoniya ya faɗa. Ma'aunin albashin sababbi ɗaya ne ko'ina, abin da ke saura ne ya bambanta. Mallakar gida a Fulorida yana taimakawa a kuɗin talla da wasu kuɗaɗen, amma kwanakin da ka yi aiki a jihar ƙungiyarka, jihar za ta karɓi nata.

Wannan ne ma ya sa lissafin 'yan jami'a ya canza. Tun Yulin 2021 aka yarda ɗan wasan jami'a ya samu kuɗi da sunansa da hotonsa, kuma daga 2025 jami'o'i suka fara biyan 'yan wasa kai tsaye. Kwatabak mai ƙafa wanda ya san jifarsa ba ta nuna ba, yanzu yana da dalilin ƙara shekara a makaranta: ya samu kuɗi a hannu, ya gyara hannunsa, maimakon ya ruga NFL a ɗauke shi a zagaye na shida da ɗan abin da aka lamunce. Su ma kuɗin jami'ar ana biyan haraji a kansu.

Bayan an kashe fitilun fili

Adadin da aka fi ambata shi ne matsakaicin zaman ɗan wasa a NFL shekara uku ne da 'yan watanni. Wani bincike da masana tattalin arziki suka fitar a 2015 ya gano kusan ɗaya cikin shida na tsofaffin 'yan wasan sun shigar da takardar karyewar arziki cikin shekara 12 da barin wasa. Michael Vick, wanda ya buɗe wa masu gudu hanya a matsayin na farko a zaɓen 2001, ya shigar da tasa a 2008 yana gidan yari kan laifin shirya faɗan karnuka, bayan ya taɓa riƙe kwantiragin sama da dala miliyan 100. Ya dawo wasa ya shafe shekaru yana biyan bashi. Mutumin da ya tsara rayuwarsa, da ta dangi da abokan da suka rataya a wuyansa, bisa adadin jarida, alhali rabi ne ke shigowa kuma na 'yan shekaru, ba sai ya yi almubazzaranci sosai ba kafin ya shiga rami.

Mu nan ba kwatabak muke da su ba, amma darasin ya shafe mu. Akwai ƙannenmu da ke mafarkin kulob a Turai ko ƙasashen Larabawa, akwai masu aikin intanet da ake biya da dala, akwai masu karɓar takardar ɗaukar aiki ta farko. A Najeriya ma sabuwar dokar haraji ta fara aiki a Janairun 2026: naira dubu 800 na farko a shekara ba haraji, matakin sama kuma kashi 25 ne. Duk wanda aka miƙo wa takarda da adadi mai sheƙi, tambaya huɗu zai yi kafin ya ɗauki biro. Kafin haraji ne ko bayan haraji? Nawa ne dole a biya ni ko da an sallame ni ko na ji ciwo? Shekara nawa? Su wa ke da kaso a ciki kafin ya iso gare ni?

Wanda za mu zuba wa ido yanzu shi ne Jayden Daniels. Kwantiraginsa na farko kusan dala miliyan 37.7 ne na shekara huɗu. Ya haskaka a 2024, sai kakar 2025 ta zo masa da raunuka, ciki har da gocewar gwiwar hannu, a ƙungiyar da har yau ba ta manta da gwiwar Robert Griffin ba. Doka ba ta ba shi damar zama teburin sabon ciniki ba sai ya gama kakar 2026. In ya kai lafiya, za ku ga hotonsa da biro da wani adadi mai firgitarwa. Ranar, kafin ka buga da farashin naira, fara duba nawa aka lamunce, sannan ka raba biyu.